A Ba Binciken da Bai Kai ga Mujalla Ba Matsayinsa

Tun shekarar 2013 masana kimiyyar halittu suke ajiye sakamakon bincikensu a rumbun bioRxiv kafin wata mujalla ta tantance shi. Aikin da kan yi watanni yana jiran bugu yakan isa ga kowa cikin kwanaki, kuma kyauta. Sai dai gaggawa tana da haɗarinta. A ƙarshen Janairun 2020 wata takarda ta yi iƙirarin kamanni tsakanin ƙwayar korona da ta ƙanjamau. Masana suka yi mata ca, marubutanta suka janye ta cikin 'yan kwanaki. A ganina, ya kamata jami'o'inmu su riƙa lissafa irin waɗannan takardu wajen ƙarin girma, muddin an haɗa su da sharhin masana a fili.