Kafin Ka Dangwala Yatsa: Haƙƙin Wanda Aka Tsare Na A Yi Masa Bayani Da Yaren Da Yake Ji

Daga Dala nake rubuto wannan, Dalar Maiduguri, ba ta Kano ba. Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa kudu, saboda haka rabin mutanen da na sani suna tsakanin Agege, Akinyele da Lokpanta. Magana ɗaya nake so mu duba tare, wadda mu a Borno muka koya da tsada, kuma ku mazauna kudu kuna iya cin karo da ita kowace rana: idan hukuma ta tsare mutum a kan zato, kafin a kai shi gaban alƙali, me doka ta ce a yi masa, kuma da wane yare?

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Duk wanda aka kama ko aka tsare, wajibi ne cikin awa 24 a sanar da shi dalili a rubuce, da yaren da yake fahimta. Yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya aka ba hukuma ta gabatar da shi. Idan babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ƙara da cewa a gaban kotu a bayyana wa wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla da yaren da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta.

To, ina gizo ke saƙar? Wuri biyu ne. Na farko, shi kansa sashe na 35 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wancan ƙa'idar lokaci. Na biyu, dokar yaƙi da ta'addanci. Ta 2011 da aka gyara a 2013 ta ba kotu ikon amincewa a tsare mutum kwana 90, a kuma sabunta. Ta 2022 ta mayar da shi kwana 60, shi ma ana sabuntawa. Abin lura shi ne hukuma ce kaɗai take zuwa gaban alƙali ta nemi wannan izini, ba a kawo wanda ake magana a kansa. Manyanmu suna tuna doka ta 2 ta 1984, lokacin Buhari da Idiagbon, wadda da sa hannu ɗaya ake rufe mutum wata uku. An soke ta a 1999. Yanzu an sa alƙali a tsakani, ci gaba ne babu shakka, sai dai alƙalin da ya ji ɓangare ɗaya, rabin labari ya ji.

Abin da ya faru a nan Maiduguri ya wuce ma wannan. Bayan Shugaba Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu 2013, kame ya yawaita, kuma sunan barikin Giwa ya shiga kowane gida. A rahoton da ta fitar a Yuni 2015, ƙungiyar Amnesty ta ce an kama mutum aƙalla 20,000 tun 2009, yawancinsu matasa da yara maza, sama da 7,000 kuma sun mutu a tsare tun Maris 2011. Rundunar soja ta musanta rahoton. Ni ba zan yi wa kowa ƙarya ba, mu da muka kwana da ƙarar bama-bamai mun san darajar sojan da ya tsaya ya kare garin nan, kuma mun san a cikin waɗanda aka kama akwai masu jini a hannu. Amma hanyar rarrabe mai laifi da marar laifi ita ce a tambayi mutum, ya ji tambayar, ya ba da amsa, wani mai zaman kansa ya auna. Dokar ta-ɓacin ta ƙare tun Nuwamba 2014, mutane da yawa kuwa sun ƙara shekaru a tsare ba tare da ganin kotu ba. Matan ƙungiyar Knifar, waɗanda yawancinsu daga yankin Bama suka fito, shekaru suka yi suna tambayar inda mazajensu suke.

Mutumin kudu yana ɗauka duk wanda ya fito daga arewa Bahaushe ne, har shi ma Bahaushen Kano yakan ɗauka kowa a Borno yana jin Hausa. Ku zo Dala ku gani. A layi ɗaya za ka ji Barbarci, Larabcin Shuwa, Fulatanci, Babur da Margi, ga mutanen Gwoza da nasu yarukan. Tsohuwar da ta gudo daga ƙauye tana iya cinikin gishiri da Hausa, amma a ce mata "kin taimaka wa 'yan ta'adda da kayan aiki" ko "kin ɓoye bayani", wallahi ba ta san inda maganar ta dosa ba. Hausar kasuwa daban, Hausar tuhuma daban, balle Turancin takarda.

An ga illar hakan a shari'o'in Kainji. A Oktoba 2017 gwamnati ta fara gurfanar da mutum 1,669 a barikin Wawa da ke jihar Neja, zaman farko kuma a asirce aka yi shi. An yanke wa 45 hukunci, aka sallami 468. A Fabrairu 2018 an ɗaure 205, aka sallami 526. Ku tsaya kan waɗannan alƙaluma: waɗanda kotu ta sallama sun ninka waɗanda ta ɗaure, bayan wasunsu sun shafe shekaru a rufe. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta halarci zaman Yuli 2018, ta ce wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, an dogara da ikirarin da aka ce mutane sun yi da bakinsu, kuma babu tafintocin hukuma isassu. Idan hujjar da ke kanka ita ce maganar bakinka, aka rubuta ta da yaren da ba ka karantawa, to rayuwarka tana hannun wanda ya riƙe biro.

Wani zai ce wannan matsalar Borno ce. A'a. A Yuni 2014 sojoji sun tare jerin motoci a jihar Abiya, suka tsare 'yan arewa 486 da ke kan hanyar Fatakwal, bisa zargin Boko Haram, daga baya aka saki mafi yawansu. A Agusta 2024 kotu a Abuja ta ba 'yan sanda izinin kwana 60 kan waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa. Ranar 1 ga Nuwamba muka ga yara daga Kano da Kaduna a gaban kotu, ramammu, wasu suna faɗuwa, sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su. Dokar da aka yi domin Sambisa ta iso kan yaron unguwa.

Akwai wani yaron mahaifina, Bashuwa, mai rakiyar shanu a bayan tirela. An taɓa riƙe shi kwana tara a wani gari na kudu. Aka tambaye shi da Turancin buroka, yana ta cewa "e" saboda ladabi da tsoro, aka miƙo takarda ya dangwala. Sai da dillalinmu ya zo da lauya aka karanta, ashe an rubuta ya amsa cewa shanun na sata ne. Takardun kara da na haraji ne suka fitar da shi. Da babu su fa?

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya gane, sannan shi ma tafintan ya sa suna da hannu. Dokar ta ce a sanar da dangin wanda aka kama kyauta, ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Ta tarayya ce, jihohi suna da irin tasu, saboda haka a nemi ta jihar da ake zaune. Sannan kotunan sama sun sha cewa wanda bai nemi tafinta ba a lokacin shari'a, musamman idan yana da lauya, da wuya a saurari kukansa a ɗaukaka ƙara. Ma'ana, kunya ba ta da amfani a nan. Ka buɗe baki tun ranar farko ka ce ba ka ji, ka faɗi yaren da kake so, a rubuta. Kada ka dangwala wa abin da ba a karanta maka ba. Kuma a ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, ɗan uwa ko ƙungiya na iya shigar da ƙara a babbar kotu a madadin wanda ke tsare. Hukumar ba da tallafin lauya kyauta da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna da ofisoshi a jihohi.

Kirana ga sarakunan Hausawa da shugabannin kara, daga Mile 12 zuwa Sabon Ibadan da Anaca: kuɗin da ake tarawa na ƙungiya, a ware wani abu a riƙe lauya ɗaya tsayayye. A rubuta sunayen matasanmu masu jin Turanci tare da Hausa, Barbarci, Shuwa ko Fulatanci, a kai wa kotuna da ofisoshin 'yan sanda na kusa, domin kada a ce an nemi tafinta an rasa. Duk motar da ta taso daga arewa, a san sunan kowa da ke ciki da lambar wani nasa. Ga 'yan majalisarmu kuma, gyara biyu muke nema a dokar 2022: a sa iyaka ga sabunta kwana 60 ɗin, kuma kafin a sabunta a kawo mutumin gaban alƙali, da tafintansa, ya ji abin da ake faɗa a kansa.

Allah ya kare mu da sharrin zato, ya fitar da duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba.