Tabar wiwi da rikicin dajin Birnin Gwari

Tun bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindigar Birnin Gwari a shekarar 2024, hankali ya fi karkata ga batun makamai. Ba kasafai ake maganar tabar wiwi ba, wadda mazauna yankin suka daɗe suna cewa ana shigar da ita dajin tare da man fetur da abinci.

Akasarin wiwin da ake sha a arewa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta yake fitowa, inda damina ke da tsawo. Masana tarihi na danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu kuma akwai samfurin Loud mai tsananin ƙarfi, wanda ake shigowa da shi daga Kanada.

Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutane miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Nijeriya.

A 2019 gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya nemi a halatta nomanta domin haɗa magani. Hukumar NDLEA ta ƙi amincewa. Gaskiya ne akwai sinadarin wiwi da likitoci ke bayarwa ga masu wasu nau'o'in farfaɗiya, amma ana sarrafa shi ne bisa tsauraran ƙa'idoji. Da wuya a ga yadda hukuma za ta sa ido kan gonar wiwi, alhali shekara da shekaru ta kasa iko da dajin Kamuku.