Ɗakunan karatun jami'o'i su haɗa kai kamar na Ghana

A 2004 ɗakunan karatu na jami'o'i da cibiyoyin bincike na Ghana suka kafa ƙungiyar CARLIGH. Mambobinta suna haɗa kuɗi, su yi ciniki da murya ɗaya da kamfanonin buga mujallun kimiyya, waɗanda tsadarsu kan fi ƙarfin jami'a guda.

Ɗalibin likitanci a Maraɗi, mai rubuta kundin kammala karatu, yana buƙatar mujallun da takwaransa na Kumasi ke buɗewa a kwamfuta. Jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua, kowace da ɗan kasafinta, da wuya su samu rangwame a rarrabe. Ya kamata ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tara shugabannin ɗakunan karatunsu su kafa irin wannan ƙungiya, tun kafin a tsara kasafin baɗi.