Tuffar Mayya da Ƙwayar Ƙarin Jini

Mai karatu, idan ka taɓa karanta Magana Jari Ce, to ka ɗanɗani tatsuniyoyin Jamus ko da ba ka sani ba, domin Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaransa daga littafin 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, wanda ya fara fitowa a 1812. Kwanan nan na sake bin tatsuniyoyin nasu, sai idon sana'ata ya tsaya a kan abu guda: a cikinsu, halaka kan zo ne da zaƙi.

Hansel da Giretel gidan burodi mai tagogin sukari ne ya ja su hannun mayya. Ita kuwa Snow White, tuffa aka miƙa mata, ɓari ja mai guba, ɓari fari lafiyayye. Matar ta ci farin a gabanta, sai yarinya ta saki jiki.

To, uwargida, dubi jar ƙwayar ƙarin jinin da ake ba ki a wurin awo. Da me ta yi kama a idon ɗan shekara biyu? Alewa. Kuma kullum yana ganin kina haɗiya. A gidajenmu na Arawa, a kan madubi ko ƙarƙashin filo ake ajiye ta. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta, in yaro ya sha da yawa, yana ƙona hanji ya lalata hanta. Abin tsoron shi ne, bayan amai da gudawa yaron kan warware na wasu sa'o'i, har ya koma wasa, alhali ɓarna na ci gaba a ciki. Farasitamol ma haka yake ɓoye illarsa a ranar farko.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana lallashin yaro da “sha, alewa ce”. Ki kira magani da sunansa, ki kulle shi a sama. Kananzir kuma kada ya shiga robar lemo.

In har ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauki kwalin maganin, a lura da lokacin da abin ya faru, a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko da yaron na dariya.