Kada A Tone Kututture In An Zo Sassabe

Duk manomin da ya manyanta ya san damina ta sake hali. Tun daga farin 1973 da na 1984 ba ta koma yadda ta ke ba. Ruwa ya ɗan dawo, amma sai ya zo da ƙarfi a dare ɗaya, sa'an nan ya ɗauke kwana da kwanaki bayan an yi shuka, ga zafi yana ƙaruwa. Wannan shi ne masana ke kira sauyin yanayi. To, ba mai iya sa hadari ya haɗu, amma akwai abin da ke hannun manomi, watau itatuwan gonarsa.

Mutanen ƙasar Maraɗi sun nuna hanya. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da a ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Sai aka fara barinsu. Aikin ba wuya: a kowane kututture a zaɓi rassa miƙaƙƙu masu ƙarfi, kamar 3 zuwa 5, a datse sauran, a riƙa gyara su kowace shekara. Suna ce masa sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yinsa dariya, don a lokacin gona fes ita ce alamar manomin kirki. Bayan shekara 20 da ɗoriya masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 ta kudancin Nijar, ba da dashe ba, ba da ban ruwa ba.

Amfaninsu kuwa a fili ya ke. Sabara da kalgo suna tare iskar da ke binne gero da rairayi tun yana ƙarami, har a sake shuka sau biyu ko uku. Ganyensu ya ruɓe ya zama taki, uwargida ta sami itacen girki kusa. Gawo ya fi su duka, gama yana zubar da ganye da damina, ba ya tsare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore ya ba da 'ya'ya. Don haka ne sarakunan Damagaram na dā suka hana sare shi da hukunci mai tsanani.

Nan makiyayi ya shigo. Shanun da suka kwana a gindin gawo suna cin 'ya'yansa a lokacin da ciyawa ta ƙare, su bar wa mai gona kashi. Kowa ya ci riba. Abin da ke ɓata wannan zumunci shi ne sare bishiya ƙwal don a ba dabba ganye. Ya kamata mai gari da arɗo su zauna kafin rani su yanke yadda za a riƙa sassaka da lokacin shigar shanu gonaki.

Wani zai ce itatuwa suna tara tsuntsaye, suna kuma hana garmar shanu wucewa. Gaskiya ne in an bar su barkatai. Maganinsa datsa a kan kari, da barin su a jere da tazara.

Saura magana ga hukuma. A Nijar, muddin manomi yana tsoron malamin daji zai ci shi tara a kan bishiyar da ke gonarsa, bai kula da ita ba. Da ya tabbata tasa ce, sai ya tsare ta. Ƙasar Jibiya da Daura da Gumel jigawa ɗaya ce da ta Maraɗi da Damagaram. Lalle bana, in an ɗauki adda za a sassabe, a duba kututture tukuna kafin a sa masa wuta.