Gudun zafin bazara: Abin da ya sa hutun kwana huɗu a tsaunukan Najeriya ya zama jan aiki

Duk shekara, daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zance ɗaya ne ke mamaye rumfunan Kantin Kwari da ofisoshin Sakatariyar Audu Baƙo a Kano, haka ma a Sakkwato da Maiduguri da Yola, wato zafi. Da rana ma'auni kan haura digiri 40, da dare kuma bango ya riƙa mayar da zafin da ya sha, har magidanta su kwashe tabarmi su koma tsakar gida. Lokacin ne kuma jami'an lafiya ke gargaɗi kan sanƙarau. A ranar 3 ga Afrilun 2024, sa'ad da wani matsanancin zafi ya lulluɓe yankin Sahel har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, a ranar ce hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit. Tun daga nan kunna na'urar sanyaya ɗaki ya zama abin da sai an yi lissafi.

A da, mai hali ba ya tsayawa dogon tunani. Babban ɗan kasuwa kan haɗa sari da hutu a Dubai ko Alƙahira, babban ma'aikaci kuma ya nemi uzurin wani taro a ƙetare. Wannan ƙofa ta ƙuntata. Dalar da ake saya kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, sannan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza daga ƙarshen 2022 har zuwa watan Yulin 2024. Ba abin mamaki ba ne idan hankali ya fara komawa gida, aka fara tambayar ko akwai inda mutum zai kai iyalinsa su sha iska mai sanyi na kwana uku ko huɗu ba tare da fasfo ba.

Akwai, kuma ba wuri ɗaya ba. Dalilin sanyin a fili yake: duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba. Jos tana kan kimanin mita 1,200, wurin shaƙatawa na Obudu a Jihar Kuros Riba ya doshi mita 1,600, haka ma mafi yawan Tsaunin Mambilla a Jihar Taraba. Turawan mulkin mallaka sun daɗe da gane wannan. Ingilishi sun mayar da garin Simla da ke gindin tsaunukan Himalaya hedikwatar mulkin Indiya ta lokacin zafi tun 1864, Jamusawa sun ɗauke babban birnin Kamaru daga gaɓar teku zuwa Buea a jikin Dutsen Kamaru a 1901, a Najeriya kuwa Jos ce inda jami'an Turawa ke zuwa huce gajiya, kuma sunan tsohon otal ɗin Hill Station shaida ne a kan haka.

Sai dai samuwar wuri daban, isa gare shi daban. Hutun da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke iya samu cikin sauƙi shi ne kwana biyun da Gwamnatin Tarayya kan bayar na Sallah ko Ista, a haɗa da Asabar da Lahadi. Ma'aikaci yana da hutun shekara a takarda, amma sau da yawa yakan ƙare ne a biki da ta'aziyya da neman abin cike giɓin albashi. Ɗan kasuwa kuwa kowace rana da shago ya wuni a rufe, ciniki ne ya koma hannun maƙwabci. Saboda haka ainihin ma'aunin kowane wurin hutu ga waɗannan mutane shi ne nawa ne daga cikin kwana huɗun hanya za ta cinye. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta taɓa haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kowace kilomita ta zama kuɗi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000.

Da wannan ma'auni, Jos ce kaɗai ta ci jarrabawa kai-tsaye. Wanda ya bar Abuja da safe ta Keffi da Akwanga, ko ya bar Kano ta hanyar da ta ratsa dajin Falgore ta faɗa Saminaka, zai iya sallar La'asar a Jos. Akwai filin jirgin sama na Yakubu Gowon a Heipang, akwai masaukai na kowane aljihu, ga gidan tarihin da aka kafa a 1952, ga duwatsun Shere da suka haura mita 1,800, ga magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Akwanga. 'Yan kasuwar Arewa ma ba baƙi ba ne a can, domin daga kasuwar Farin Gada ake lodin kabeji da karas da dankalin Turawa zuwa sassan ƙasar nan.

Abin da Jos ta rasa shi ne kwanciyar hankalin baƙo. Jihar da take kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta sha rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, an tare matafiya an kashe su a hanyar Rukuba a watan Agustan 2021, sannan hare-haren jajiberin Kirsimetin 2023 sun hallaka ɗimbin mutane a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Musulmi da Kirista duk sun yi jana'iza a cikin waɗannan shekaru. Gaskiya ne cewa a yawancin kwanaki birnin yana harkokinsa lafiya lau, amma magidancin da zai ɗauki mata da 'ya'ya ba ya lissafi da yawancin kwanaki. Labari ɗaya na dokar hana fita ya isa ya soke tafiyar da aka shirya wata guda, kuma babu tallar da ma'aikatar yawon buɗe ido za ta yi da za ta goge wannan, in ba shekaru na zaman lafiya da hukunta masu laifi ba.

Obudu darasi ne na daban, kuma ya kamata duk gwamnan da ke mafarkin gina katafaren wurin shaƙatawa ya nazarce shi. Wasu Turawa 'yan Sikotlan ne suka fara kafa wurin kiwon shanu a kan dutsen a farkon shekarun 1950, a yankin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Obanliku. Gwamna Donald Duke, wanda ya mulki Kuros Riba daga 1999 zuwa 2007, shi ne ya mayar da wurin abin kwatance: ya gina masaukai da zauren taro, aka samar da ƙaramin filin jirgi a Bebi, a 2005 kuma aka buɗe motocin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe a sararin sama, tsawon kimanin kilomita huɗu daga gindin dutsen zuwa ƙololuwarsa. A shekarar ce aka fara gasar tseren hawa dutse ta duniya, wadda zakara ke tafiya da Dala 50,000, abin da ya jawo 'yan tsere daga Habasha da Kenya da Turai. Na ɗan lokaci, Obudu ta zama inda manyan kamfanoni da hukumomi ke kai tarukansu.

Bayan haka sai komai ya fara ja da baya. Gasar ta tsaya, motocin igiyar sun shafe shekaru a tsaye, baƙi suka riƙa komawa gida da ƙorafin rashin wuta da ruwa. Dutsen bai canza ba, sanyin yana nan, hanyar kilomita 11 mai lanƙwasa sama da 20 da ke hawa zuwa sama tana nan tana burge duk wanda ya gan ta. Abin da ya ɓace shi ne kuɗin gyara na yau da kullum, wanda ba ya kawo bikin yanke ƙyalle, don haka ba ya burge ɗan siyasa. Ga mai tasowa daga Arewa kuma, sai ya ratsa Lafiya da Makurɗi da Gboko da Vandeikya kafin ya isa garin Obudu, daga can ma da sauran tafiya kafin gindin dutsen. Daga Abuja yini guda ne. Daga Kano sai an kwana a hanya. Kwana huɗu sun koma biyu ko ƙasa da haka.

Mambilla ce ta fi kowanne abin gani, ita ce kuma ta fi wuyar zuwa. Tudu ne mai faɗi, lulluɓe da ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, garken shanu na yawo a kansa saboda tsayin wurin ya rage ƙudan tsando. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antar da ke sarrafa shayin Highland, akwai dajin Ngel Nyaki da masu bincike ke zuwa daga ƙasashen waje, a gefe guda kuma ga Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya da mita 2,419. Yankin yana da tarihi da ya shafi Arewa kai-tsaye: yana cikin ɓangaren Kamarun da ya zaɓi zama a Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu take amsawa har yau. Mai jin Fulatanci ko Hausa ba zai rasa abokin hira ba a kasuwar Nguroje.

Amma kafin a ga wannan duka, sai an isa Jalingo, sannan a kama hanyar Bali da Serti da Mayo Selbe, a fara hawan dutse a kan siririyar kwalta mai kwana-kwana, wadda manyan motoci ke rarrafe a kanta. Daga Jalingo kaɗai tafiyar takan cinye mafi yawan yini. Wanda ya taso daga Kano ko Kaduna da mota zai yi kwana biyu a zuwa, biyu a dawowa, ya ga hutun ya ƙare bai yi ko cikakken yini ɗaya a kan tsaunin ba. An daɗe ana sa rai cewa aikin samar da lantarki na megawat 3,050 zai zo da hanyoyi masu kyau. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar kusan Dala biliyan 5.8 a 2017, amma rikicin shari'a da kamfanin Sunrise ya kai maganar gaban kotun sasanci a birnin Paris, kuma har yanzu aikin bai haskaka ko ƙwai ɗaya ba. A shekarar 2017 ɗin ce ma rikici tsakanin manoma da makiyaya ya jawo asarar rayuka a kan tsaunin, wanda ya nuna cewa matsalar filaye ba ta tsaya a gindin dutse ba.

Akwai kuma wani abu da masu tallar waɗannan wurare ba su cika faɗa ba. Lokacin da ya fi dacewa da hawa Mambilla da Obudu shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe. Amma a lokacin hunturu ya riga ya sanyaya Kano da Katsina, ba mai neman gudun zafi. A Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke gasa Arewa, damina ta riga ta sauka a kan waɗannan tsaunuka, gajimare ya sauko ya rufe hanya, kwalta ta yi santsi. Sanyin da ake nema yana nan a lokacin, amma tuƙin ya fi hatsari, musamman ga direban da ya saba da miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Zariya.

Ta fuskar hukuma, alamu ba su nuna an fahimci inda gizo ke saƙa ba. A watan Agustan 2023 an kafa Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido mai zaman kanta, a watan Oktoban 2024 aka rushe ta aka haɗe da ta al'adu a ƙarƙashin Hannatu Musawa. Ko a haɗe ko a rabe, ba ita ce ke gina hanya ba, ba ita ce ke ba da umarni ga 'yan sanda ba. Abin da zai cika ɗakunan otal a Gembu yana hannun Ma'aikatar Ayyuka, abin da zai dawo da baƙi Jos yana hannun jami'an tsaro da kotuna. Ba kuma masu hutu kaɗai ne za su ci moriya ba: hanyar da za ta kai baƙo Nguroje ita ce za ta sauko da shayi da piya da ayaba da shanu zuwa kasuwannin Yola da Gombe da Kano a farashi mai sauƙi.

Kafin hakan ta samu, wanda ya ƙudurta tafiya ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kwana huɗu ya tsaya a Jos, ya bibiyi labarin tsaro har safiyar tashi, ya kuma tabbatar ya isa kafin magariba. Mai son Obudu ya buga waya ya tambayi halin da wuta da ruwa da motocin igiya suke ciki a makon, kada ya dogara da tsofaffin hotunan da ke intanet. Mambilla kuwa sai an ware mata mako guda daga hutun shekara, da mota mai ƙwarin birki ko direba ɗan yankin, da tsabar kuɗi a hannu saboda sabis ɗin waya kan ɗauke a wasu wuraren, da rigunan sanyi ga yara, domin yaron da ya tashi a zafin Sakkwato ba zai ji daɗin daren Gembu da riga ɗaya ba.