Birki Ya Yi Tauri, Inji Ya Mutu: Ciwon Ɗaya Ne

Daga cikin koke-koken da masu tsofaffin a-kori-kura kan kai gareji, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, akwai guda biyu da kan zo tare: birki ya yi tauri kamar an taka dutse, kuma da zarar an taka shi sai inji ya yi kakari ya mutu. Bakanike da yawa kan ɗauke su ciwo biyu. Sai ya juye man birki, sa'an nan ya murɗa kafireta ya ƙara wa inji wuta don kada ya mutu. Wannan gyara kuskure ne, kuma kuskure mai haɗari, domin ya ɓoye alama ya bar cutar.

A bayan fedar birki, can cikin bonet, akwai wata baƙar tukunyar ƙarfe da ake iya kira mataimakin birki. Wani tantanin roba ne ya raba cikinta ɗaki biyu, kuma tiyo ya haɗa ta da mashigar iskar inji. Idan injin fetur na aiki ba a taka totur ba, fistin na zuƙar iska ta ƙuntatacciyar hanya, don haka matsin iska a mashigar kan faɗi ƙasa da rabin na waje. Ta tiyon nan ne inji ke tsotse iskar ɗakunan biyu. Da direba ya taka birki, sai wani bawul ya buɗe, iskar waje ta kwararo ɗakin baya, ta tura tantanin gaba.

Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa. Iskar duniya na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo 1. Tantani mai faɗin santimita 20 yana da fili murabba'in santimita 314. In bambancin matsi tsakanin ɗakunan ya kai kashi 6 cikin 10 na matsin waje, tantanin zai yi turi da ƙarfin kusan kilo 190. Ashe yawancin aikin da direba ke zaton ƙafarsa ce ta yi, iska ce ta yi masa. Wannan ƙarfi ne Otto von Guericke ya nuna a Jamus cikin shekarun 1650, inda ya haɗa ƙwarya biyu na tagulla ya zuƙe iskar ciki, dawakai suka kasa raba su.

To, in tantanin ya yage fa? Taimakon ya tafi, birki ya yi tauri. Sa'an nan iskar da ta shigo ɗakin baya za ta bi ta yagar, ta bi tiyo, ta faɗa inji ba tare da ta ratsa kafireta ba. Injin fetur na son kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na mai. In iska ta yi yawa, wuta ba ta kamawa sosai, sai inji ya mutu. Mai nazarin halittu ba zai yi mamaki ba, domin haka ƙirjin ɗan Adam yake. Huhu na cika ne saboda tantanin da ke ƙarƙashinsa ya ja ƙasa ya rage matsi. In wuƙa ta huda ƙirji iska ta shiga, sai huhun ya motse, alhali shi kansa lafiyarsa ƙalau.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A kashe inji, a taka birki sau biyar, a riƙe shi, a tayar da mota. In mataimakin na da lafiya, fedar za ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. In ba ta motsa ba, sai a cire tiyon daga tukunyar a toshe bakinsa. In inji ya daidaita, ɓarakar tana cikin tukunyar. In bai daidaita ba, a duba tiyon, don zafi da shekaru kan tsattsaga shi. Akwai wata alama kuma: tsagaggen tiyo kan dami inji kowane lokaci, yagaggen tantani kuwa sai an taka birki. Juye mai maganin birki mai laushi ne, wanda iska ta shiga mansa, ba mai tauri ba. Injin dizal kuwa ba ya mutuwa ta wannan hanya, tunda famfo na daban ke zuƙe masa iskar.

Ya kamata malaman kimiyya su kai ɗalibansu gaban buɗaɗɗen bonet, maimakon zana matsin iska a allo kawai, musamman ganin yadda wasunsu za su ƙare a gareji. Motar da aka ƙara wa wuta aka sallama ba za ta ƙara mutuwa a tasha ba, amma za ta sauko gangaren dutse ɗauke da buhunan hatsi da fasinjoji a kansu, ba abin da ke tsayar da ita sai ƙarfin ƙafar mutum ɗaya.